BIN SAWUN CUTA: DAGA INA MURAR JAKUNA TA FITO?

A ƙarshen shekara ta 2018, an gama kaka, sanyi ya shigo, sai wani tari ya faɗa wa jakuna. A cikin watan Disamba likitocin dabbobi na jihar Sakkwato, a Najeriya, suka ga ciwon yana kama jakuna kusa da iyakar Nijar. Da shigowar 2019 ya bazu cikin Nijar da ƙasashen maƙwabta.

Duk wanda ya ga ciwon ba zai manta da shi ba. Jaki ya kwana lafiya lau, ya wayi gari jikinsa da zafi. Ya ƙi cin harawa, ya tsaya ya sunkuyar da kai. Sai busasshen tari mai ƙarfi. Sai majina, da farko kamar ruwa, daga baya ta yi kauri. Kafin kwana uku jakunan maƙwabta su ma sun kama. Wanda ya yi sa'a ya miƙe bayan mako biyu ko uku. Wanda ciwon ya sauka masa cikin huhu, numfashi ya gagare shi, ya faɗi. Dawaki ma sun kamu, amma jakuna suka fi shan wuya.

Ƙasashe tara suka ba da labarin wannan annoba: Nijar, Najeriya, Burkina Faso, Mali, Cadi, Kamaru, Gana, Gambiya da Senegal. Da aka haɗa lissafi, jakuna da dawakin da suka mutu sun wuce 66,000. Wannan kuma lissafin waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne kawai.

Mutumin birni yana iya cewa ai jaki ne kawai. Mutumin ƙauye ba zai faɗi haka ba. Jaki ke jan ruwa a rijiya mai zurfi. Shi ke kai taki gona, ya kawo dammunan gero gida. Shi ke jan amalanke ran kasuwa, shi ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Gidan da jakinsu ya mutu, tulu ya koma kan mata da yara.

WANE CIWO NE?

Da farko likitocin dabbobi sun yi zaton cututtuka uku, domin alamunsu suna kama da juna. Ta ɗaya ita ce wadda ke kumbura maƙogwaron doki har ya yi ƙurji ya fashe. Ta biyu wata cutar dawaki ce wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke ɗaukowa daga dabba zuwa dabba. Ta uku mura ce, irin ta dawaki da jakuna, wadda ke bin iska idan dabba ta yi tari.

Sanin wace ce daga cikinsu ba ƙaramin abu ba ne. In ƙwari ke kawo ta, da ƙwari za a yi yaƙi. In ta iska ce, sai a raba dabbobi, a tsai da kai da kawo. Wanda bai san ciwo ba yana iya ƙarar da kuɗinsa wajen sayen maganin da ba na ciwon ba.

Sai aka ɗebo majinar dabbobi marasa lafiya a Nijar da Senegal. Masana na LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai, da na birnin Dakar, da abokan aikinsu na waje, suka duba. Suka tarar da ƙwayar murar dawaki, wadda ake kira H3N8. A Najeriya ma, masana na Vom, kusa da Jos, ita suka tarar.

An san sunan ɓarawo ke nan. Saura a san ta inda ya shigo gari.

Idan an sace saniya, akwai gwanayen bin sawu. Su duƙa su dubi ƙasa, su ce nan ta bi, nan ta tsaya, nan aka haɗa ta da wasu shanu. Cuta ba ta da ƙafa, ba ta barin sawu a kan rairayi. Amma tana barin wani sawu a cikin jikinta, kuma yanzu an iya karanta shi.

RUBUTU MAI HARUFFA HUƊU

Ƙwayar da ke kawo mura tana cikin irin waɗanda likitoci ke kira birus. Ƙanƙanta gare ta ƙwarai. Sai an jera kamar 10,000 kafin su cika milimita ɗaya, wato ɗan ƙaramin zanen nan da ke jikin abin awo. Ido ba ya ganinta. Madubin da ake duba jini da shi a gidan likita ma ba ya nuna ta.

Duk da ƙanƙantarta, a cikin kowace ƙwaya akwai wani abu mai kama da siririn zare. A jikin zaren an jera wasu ƙananan abubuwa iri huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ba kowanne harafi. In na'ura ta karanta su takan rubuta A, C, G da T. Haruffa huɗu ne tak, amma jerinsu dogo ne. Na ƙwayar mura ya kai haruffa wajen 13,500, a rabe gida takwas, kamar littafi mai shafi takwas. Na ƙwayar korona ya kusa 30,000, a jere ɗaya.

Wannan rubutu shi ne umurnin yadda za a ƙera ƙwayar. Birus ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta shiga cikin hanci ko huhun mai rai, ta tilasta wa jikinsa ya riƙa kwafar rubutunta. Kowane kwafi ya zama sabuwar ƙwaya. Cikin kwana ɗaya ko biyu sun zama miliyoyi. Dabba ta yi tari, su fita, su shiga hancin wata, a sake kwafa.

KUSKUREN MAI KWAFA

Mai zuwa karatun manya ya san abin da ke faruwa wajen kwafa. A ce malami ya rubuta a babban allo: Jaki ya sha ruwa. Kowa ya kwafa cikin littafinsa. Wani da ke zaune can baya bai gani sosai ba, ya rubuta: Jaki ya sha rawa. Harafi ɗaya ya canja.

Da dare mutum uku da ba su zo karatu ba suka ari littafinsa suka kwafa. Su ma duk rawa suka rubuta. Ɗaya daga cikin ukun kuma ya manta da wani harafi, nasa ya zama: Jaki ya sa rawa. Washegari ɗan'uwansa na wani ƙauye ya kwafa daga gare shi, ya tafi da kuskure biyu.

To, in malami ya tara littattafan duka, ba ya bukatar ya tambayi kowa. Masu ruwa, daga allo suka kwafa ko daga wanda ya rubuta daidai. Masu rawa, asalinsu ɗaya ne, mutumin can na baya. Mai kuskure biyu kuwa, an san ta hannun wanda ya bi. Kuskuren da kansa ya nuna hanya.

Haka abin yake ga birus. Wajen kwafar dubban haruffa, lokaci lokaci akan sami harafi ɗaya ya canja. Yawancin canjin ba ya ƙara wa cutar ƙarfi, ba ya rage mata. Amma ƴaƴanta da jikokinta duk za su gaje shi. Ya zama musu kamar zanen fuska. Yadda ake ganin Bagobiri a kasuwar da ba a san shi ba a ce wannan daga Gobir yake, haka masana ke duban ƙwaya su ce wannan ta zuriya kaza ce.

Akwai wani amfani kuma. Canjin yana zuwa ne kusan a kan ƙa'ida. A ƙwayar korona, kamar haruffa biyu ke canjawa a wata. Saboda haka in ƙwayoyi biyu ba su da bambanci ko kaɗan, bai daɗe ba da suka rabu. In sun bambanta da haruffa da yawa, rabuwarsu ta yi nisa. Da wannan ake ƙiyasta lokacin da cuta ta shigo ƙasa, ko da ba wanda ya lura da ita a lokacin.

YADDA AKE KARANTAWA

Aikin yana farawa ne a ƙauye. Ma'aikaci ya sa ɗan tsinke mai auduga a kai cikin hancin mara lafiya, mutum ne ko dabba, ya shafo majina. Ya sa tsinken cikin ƴar kwalba mai ruwan magani. Ya rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka. Ya sa kwalbar cikin akwatin ƙanƙara, irin na masu allurar rigakafi, domin zafi yana lalata zaren nan da sauri.

A ɗakin bincike a fasa ƙwayar da magunguna, a fitar da zaren, a yawaita shi, a sa cikin na'ura. Na'urar ta karanta shi gutsure gutsure, kwamfuta ta harhaɗa gutsattsarin. Akwai manyan na'urori, akwai kuma wata ƙarama da ke shiga aljihun riga. An yi aiki da ƙaramar a ƙasar Gine a 2015, lokacin annobar Ebola, ana samun sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu.

Rubutu ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin komai. Sai an gwada shi da wasu. Don haka masana na ƙasashe dabam dabam suke zuba abin da suka karanta wuri ɗaya, ta hanyar intanet, kamar rumbun tsimi na gari. Kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Kwamfuta ta jera sabon rubutu kusa da na da, ta ƙidaya bambanci, ta zana bishiyar dangantaka: ga kaka, ga rassa, ga ƴan ɗaki ɗaya.

ABIN DA MAJINAR JAKUNA TA FAƊA

An fara gano murar H3N8 ta dawaki a 1963, a birnin Mayami na Amurka. Tun daga nan masana suke bin zuriyarta. Ta yi rassa. Reshen da ya fi yaɗuwa a shekarun nan ana kiransa reshen Fulorida, shi ma ya kasu ɗaki biyu. Ɗaki na ɗaya ya fi zama a nahiyar Amurka. Ɗaki na biyu kuwa, kafin lokacin wannan annoba, ya fi zama a Turai da Asiya.

Daga cikin shafuka takwas na ƙwayar, masu binciken Nijar da Senegal sun karanta biyu, na H da na N. H shi ne ƙugiyar da ƙwayar ke maƙalewa da ita a jikin dabba. N shi ne abin da take yanke kanta da shi in za ta fita ta kama wani wuri. Daga gare su ne sunan H3N8 ya fito.

Abu na farko da suka gani: ƙwayar Nijar da ta Senegal ƴan ɗaki na ɗaya ne, kuma sun yi kama ƙwarai da wadda aka samu a Najeriya a 2019. Wato ba cututtuka dabam dabam ne suka tashi a kowace ƙasa ba. Annoba ɗaya ce ta ratsa yankin, daga ƙasar Hausa har bakin teku a Senegal.

Abu na biyu shi ya fi ba da mamaki. A daidai wannan lokaci murar dawaki tana damun Turai. A watan Fabrairu na 2019 har an tsai da sukuwar dawaki a Ingila kwana shida saboda ita. Turai ta fi kusa da Afirka, kuma zirga-zirga ta fi yawa tsakaninsu. Kowa zai ce daga can ta zo. Amma da aka gwada haruffa, ƙwayar da ta kashe jakunan Nijar ta fi kama da wadda ta ɓarke a Amurka ta Kudu a 2018, a ƙasashen Cile da Arjantina, fiye da ta Turai ko ta ƙasar Amurka.

Me ya haɗa jakin Tawa da dokin Arjantina, ga babban teku tsakaninsu? Tari ba ya ƙetare teku. Sai dai dabba mai ɗauke da shi ta ƙetare. Arjantina ta yi suna wajen dawakin wasan folo, wato ƙwallon dawaki, kuma masu wannan wasa a Najeriya suna sayo dawaki daga can. Shi ya sa ake kyautata zaton ta wannan ƙofa cutar ta shigo. Rubutun ƙwaya yana nuna dangantaka ne, ba ya kama sunan doki ko na mai shi. Amma ya isa ya nuna wa hukuma ƙofar da ya kamata a tsare: dokin da aka sauke daga jirgi a killace shi, a duba shi, kafin ya haɗu da na gida.

Da ta shigo kuwa, ta tarar da hanya a buɗe. Jakunan yankin ba su taɓa haɗuwa da wannan iri ba, ba a kuma yi musu rigakafinta. Ga kasuwannin dabbobi a jere a bakin iyaka: Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Mai'aduwa da Matamaye, Maigatari da Magariya. Ga fataucin jakuna da ya yi ƙarfi a waɗannan shekaru saboda masu sayen fata suna kaiwa ƙasar Sin, har gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. Jakin da ya kamu yau ba ya nuna alama sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. A cikin kwanakin nan ana iya sayar da shi, a ɗora shi a babbar mota, ya kwana a wata ƙasa.

An taɓa ganin irin wannan a Ostareliya a 2007. Can ma doki ne ya shigo da murar daga waje, binciken haruffa ya nuna danginta a Japan. Dawaki fiye da 70,000 suka kamu. Hukuma ta hana kowa motsa doki daga inda yake, aka yi allura, kuma a 2008 cutar ta ƙare a ƙasar.

KAJIN MAGARIYA

Wannan ba shi ne karo na farko da aka bi sawun wata mura har cikin Nijar ba. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye, H5N1, a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Shi ne karo na farko da aka gan ta a Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a jikin agwagi a Magariya, cikin jihar Damagaram.

Mutane suka ɗauka daga wuri ɗaya ta watsu. Da aka karanta haruffa sai aka ga iri uku ne, kowanne da zanensa, kuma kowanne shigowarsa dabam. Dukansu dangin wadda ta kashe dubban tsuntsayen ruwa ne a tabkin Cinghai na ƙasar Sin a 2005, ta biyo ta Rasha da Turai. Iri ɗaya an same shi a kudu maso yammacin Najeriya da Masar da Jibuti. Wani a arewacin Najeriya da Sudan da Kodibuwa da Burkina Faso, inda aka same shi har a jikin ungulaye. Na Nijar kuwa ya faɗa ɗaki ɗaya da wani na kudu maso yammacin Najeriya, wajen Legas, ko da yake Kano ce ke kusa da Magariya.

Hanya biyu ake tuhuma: tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga ƙasashen sanyi, da kuma cinikin kaji da ƴan tsaki. Tsuntsun sama ba mai iya tsare shi. Kwandon kaji a bayan mota kuwa ana iya tsare shi.

CUTAR KORONA

Inda wannan aiki ya fi bunƙasa shi ne lokacin korona, wadda ta kama mutane. An fara ganinta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. A watan Janairu na 2020 masana suka karanta rubutunta suka baza wa duniya. Da wannan rubutu aka haɗa abin gwajin da ake gane mai ɗauke da ita, da shi kuma aka fara aikin allurar rigakafi.

A Afirka, masana na garin Ede a Najeriya suka fara karanta ta, a farkon Maris na 2020, daga jikin wani baƙo da ya sauka Legas daga Italiya. A Nijar an sami mutum na farko ran 19 ga Maris na 2020, a Yamai, bayan ya dawo daga tafiyar da ta bi da shi ta Lome, Akara, Abijan da Wagadugu. Cibiyar CERMES ta Yamai ce ta riƙe aikin gwaji.

A 2021 masana na Afirka suka haɗa kai suka gwada ƙwayoyi 8,746 daga ƙasashe 33 na nahiyar. Sakamakon ya nuna cewa yawancin shigowar farko daga Turai ne, ba kai tsaye daga Sin ba. Ba sau ɗaya ta shigo ba, sau da yawa ne, ta filayen jiragen sama. Daga baya sai ta koma yaɗuwa tsakanin ƙasashen Afirka su ya su. A 2022 ƙwayoyin da aka karanta daga Afirka sun kai 100,000.

A nan aka ga cewa wani canjin harafi ba na banza ba ne. Kamar ruwa da rawa, yana canja ma'ana. Wani canji ya sa ƙwayar ta fi saurin kama mutane. Wani ya sa ta kauce wa garkuwar jikin wanda ya taɓa warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta raɗa wa irin waɗannan sunaye: Alfa da aka fara gani a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Delta a Indiya.

INDA AKA FARA GANI BA LALLE NAN NE ASALI BA

A watan Nuwamba na 2021 masana na Botsuwana da Afirka ta Kudu suka ga wata korona mai canje-canje wajen 50. Ba su ɓoye ba. Ran 24 ga wata aka sanar da OMS, ran 26 aka sa mata suna Omikron. Sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe da yawa suka hana jiragensu sauka. Kwanaki kaɗan bayan haka, ƙasar Holan ta duba majinar da ta ɗiba ta ajiye tun 19 da 23 ga Nuwamba, ta tarar Omikron tana ciki. Ashe ta riga ta isa Turai tun kafin a rufe ƙofa. An hukunta mai tsaron da ya yi kururuwa, ɓarawo kuwa yana cikin ɗaki.

Wannan ya shafi ƙauyuka ma. Garin da aka fara samun cuta sau da yawa shi ne garin da ya fara kai rahoto. Ba daidai ba ne a tsangwame shi, ko a ƙaurace wa mutanensa a kasuwa. In aka yi haka, gobe ba wanda zai faɗi gaskiya.

Kuma bishiyar dangantaka tana da giɓi. Kwamfuta tana gwada abin da aka ba ta ne kawai. In daga Yamai kaɗai aka ɗebi majina, ba a ɗiba a Dakwaro ko Tanut ko Madawa ba, to sawun zai ɓace a tsakiya, kamar saniyar da ta bi ta kan dutse. Ƙwayar Magariya ta yi kama da ta wajen Legas, amma tsakanin garuruwan biyu akwai kasuwanni masu yawa da ba a ɗebi komai a cikinsu ba.

Wani amfanin karatun shi ne gyaran allura. Tun da mura tana canja kama, allurar bara ba lalle ta dace da ta bana ba. Sau biyu a shekara masanan OMS suke zama su dubi ƙwayoyin da aka karanta a duniya, su zaɓi waɗanda za a haɗa allurar murar mutane da su. Ta dawaki ma akwai masu zama irin wannan kowace shekara. Ƙasar da ba ta aika da nata ba, ba a san abin da ke yawo a cikinta ba balle a yi allurar da ta dace da ita.

RABON MUTANEN ƘAUYE A CIKIN AIKIN

Na'ura tana birni, amma majina tana ƙauye. In ba a kai labari da wuri ba, ba abin da za a karanta. Ƙwayar mura ta fi yawa a hanci cikin kwanakin farko na zazzaɓi. Bayan mako ɗaya ko kwana goma ta tafi, ko da dabba tana ci gaba da tari. Saboda haka in jakuna biyu ko uku suka kama tari lokaci ɗaya, a gaya wa mai gari a ranar, shi kuma ya aika wa ma'aikacin dabbobi. In mutane ne, a sanar da gidan likita mafi kusa.

Tsinken da ake sa wa a hanci sabo ne, daga cikin takardarsa ake fitar da shi. Ɗebowa yake yi, ba ya zuba komai. Kuma ba a kashe jaki don ya kamu da mura. Jinya ake yi masa.

Ma'aikaci zai yi tambayoyi. Yaushe ciwon ya fara? A wace kasuwa aka sayo dabbar? A wace rijiya take shan ruwa, da dabbobin wa? Wa ya yi tafiya kwanan nan? A ba shi amsa ta gaskiya, ko da ta ɓarauniyar hanya aka shigo da dabbar. Rana da wuri su ne rabin aikin. Kwalbar da ba a san garinta ba, ba ta da amfani ga mai bin sawu.

Kafin sakamako ya dawo daga Yamai akwai abin yi. A ware jaki mai tari, a ɗaure shi nesa da sauran, a inuwa, inda ba ƙura. A ba shi ruwa a nasa mazubi, kada a kai shi rijiyar gari. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa wani, domin ƙwayar tana bin hannu da igiya da akumari. Kada a kai shi kasuwa don a rabu da shi kafin ya mutu. Mai yin haka ya sayar wa ɗan'uwansa annoba.

Wani abin da ke kashe jaki shi ne a ɗora masa kaya bai gama warkewa ba. Mura tana ɗaye cikin hanyar numfashi, kuma wurin yana bukatar kamar mako uku kafin ya koma daidai. A wannan lokaci wasu ƙwayoyin cuta suke samun ƙofa su shiga huhu. Likitocin dawaki suna da ƙa'ida: kowace rana ɗaya ta zazzaɓi, hutun mako ɗaya. Da wuya ga mai jaki ɗaya, amma aron na maƙwabci mako uku ya fi sayen sabo sauƙi. In majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, numfashi ya yi nauyi, a kira ma'aikaci ya yi allurar da ta dace. Kada a sayi ƙwayoyi a tebur a ɗura masa.

Sabon jakin da aka sayo kuma, a ɗaure shi shi kaɗai mako biyu zuwa uku kafin ya shiga cikin na gida.

Kaji dabam ne. Murar tsuntsaye tana iya kama mutum, ta ma kashe wata mata a Legas a watan Janairu na 2007. In kaji ko zabi ko agwagi suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a fige, kada a ci, kada a bar yara su ɗauka. A rufe su da kwando ko tsohon buhu, a hana karnuka da ungulaye isa gare su, har ma'aikacin dabbobi ya zo da safar hannunsa da kwalabensa.